Ba Kwallina Ba Ne, Fitilarku Ce

Zuwa ga Mai girma Daraktan aikin kiwon kifi a tabkunan ƙasar Magaria.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka duka, har da shofer ɗin da ya tuƙo motarku zuwa garinmu, ko da yake zan zo kansa.

Ranka ya daɗe, sunana Ɗan Ladi, a Guci ana ce mini Ɗan Ladi Mai Kwalli. Tun ina saurayi nake niƙa kwalli ina sayarwa a kasuwar Guci da ta Dungas, lokacin da ƙafa ke da ƙarfi har Sassumbrum nake kaiwa. Yanzu gemuna ya yi fari fat. Ban yi lakwal ba, wato boko, allon ma ban yi nisa ba. Malamin yaƙi da jahilci na garinmu ne ya riƙe alƙalami, ni nake faɗa, kuma na hana shi gyara mini magana. In ka ga wani wuri ya yi kaushi, nawa ne, kada ka ga laifinsa. Na zo buronka a Magaria ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce ka tafi Damagaram. Shi ya sa na ce a rubuta wannan a buɗe, ɗaya a kai maka, ɗaya a karanta ranar kasuwa, tun da abin da ya same ni a kasuwa ya same ni.

Na farko, abin da kuka kawo mana.

Ranar kasuwar jajiberin ƙaramar Sallar da ta wuce, da hantsi, kamyonku ya shigo Guci da akwatin gilashi a bayansa cike da ruwa, injin wuta na ta ƙugi. Mai shela ya ce an aiko ne a nuna wa mutane yadda ake kiwon kifi, tun da fari ya cinye dabbobi, ko a sami abin sa wa a miya. Niyya ce mai kyau, ban ce komai a kanta ba. Amma duk faɗin kasuwar nan, shofer bai ga inda zai tsaya ba sai gindin tsamiyar da nake shimfiɗa tabarmata tun Nasara na mulki. Sarkin kasuwa, yaron da na ci naman sunansa, ya sa aka ja mini tabarma gefe dab da tayar mota, ko sannu bai ce mini ba. Wannan na ajiye shi, ba shi ya sa na rubuto ba.

Na yi fushi, na juya wa motar baya, na ce ko kallo ba zan yi ba. Kifi ne ban taɓa gani ba? Jama'a suka yi ta turereniya, duk wanda ya gama kallo sai ya tsaya ya sayi kwallin Sallah a wurina, don ni ne a bakin hanya. Kafin la'asar kwallin ya ƙare ƙaf. Sai da na naɗe tabarma, na ga ba mai kula da ni, sannan na waiga.

Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe. Na tsufa ina cin kifi, amma ban taɓa ganin kifi ba sai ran nan. Mu abin da muka sani shi ne kifi a kan faifai, ko yana mutsu-mutsu a cikin taru, ko inuwarsa a ruwan tabki mai laka. A nan kuwa ga shi tsaye a tsakiyar ruwa, ba ya bisa ba ya ƙasa, kamar shirwa in ta tsaya a iska, yana buɗe baki yana rufewa, idonsa cikin nawa. Na ga layin da aka zana masa tun daga wuya har wutsiya. Wani ɗan tarwaɗa ya zo ya shafi gilashin da gashin bakinsa daidai hancina. Ruwa tsaye kamar bango, kuma bai zubo mini ba.

A kusurwar akwatin an ware wani ɗan ɗaki da gilashi, babu kifi a ciki, ruwa ne kawai ke bi ta nan ya koma. A ciki wata fitila take kwance, doguwa siririya kamar karan gero, tana ci a cikin ruwa ba ta mutu ba. Launinta ne ya kama ni. Na san shuɗin baba, na san na sama bayan ruwa ya ɗauke, na san ƙyallin dutsen kwalli in an fasa shi sabo. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Wani shuɗi ne mai sanyi da ya ɗan karkata wajen furen ƙuduji. Na tsaya da azumi a bakina ina tasbihi har aka kashe injin.

Ni ta gefe na kalla, ina tsaye a ƙasa, gilashin akwatin tsakanina da ita, don gwiwata ba ta hawa mota. Masu ƙarfi kuwa hawa suka yi ta yi suna leƙa ta ta sama, inda aka rufe da ragar waya. Su kifa fuska a kai, ba mai son sauka sai an ja shi. Ka riƙe wannan, don nan maganar take.

Na biyu, abin da ya biyo baya.

Ka san al'adarmu, mai azumi ba ya son sa kwalli da rana. Sai da aka sha ruwa, aka ga wata, kowa ya ɗauko sabon kwallinsa ya zizara. Kafin gari ya waye gidaje sun cika da nishi. Ido ya yi jawur, hawaye ba ya tsayawa, ko fitilar aci-balbal ba a iya kallo. Duk wanda ka tambaya maganarsa ɗaya, kamar an zuba masa rairayi. Da safe na ga abin da ban taɓa gani ba a filin idi: magidanta cikin sababbin riguna ana jan su da hannu, rawani rufe da fuska.

To rairayi a ido, kowa a ƙasar nan ya san abin da ke kawo shi. Kwallin da ba a niƙa da kyau ba ne, ko wanda aka ƙara wa ƙasa don ya yi auki. Ba a sauko daga idi ba sunana ya gama gari. Gwamma mai ƙosai, wadda mijinta da babban ɗanta suka kamu, ta tare ni gaban jama'a ta ce, "Baba, in rairayi za ka sayar mana ai sai ka faɗa, muna da shi a ƙofar gida." Aka yi dariya. Ni na niƙa kwallin da aka sa mata ranar aurenta. Wani ya zo ya zazzage tandunsa a gabana ya taka. Yanzu in na wuce, yara Baba Mai Rairayi suke kira na.

Ciwon bai daɗe ba, kafin a gama yawon Sallah kowa ya warware, ba wanda ya makance, alhamdu lillahi. Amma daga lokacin zuwa yau an yi girbi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu, ni kuwa ina zaune a kan tabarma mata na ratse ni kamar sun ga kushewa. Labarin ya riga ni zuwa Dungas. Sun koma wajen wani ɗan tireda mai 'yan kwalabe, wanda shi kansa bai san me ke ciki ba. Ni da nake niƙa dutse a kan dutse, in tace da farin ƙyalle ninki biyu, in gwada a idona kafin ya shiga na kowa.

Na uku, abin da na bi gida gida na gano.

Ba ni da ilimi, amma ina da naci. Matata ta ce shi zai kashe ni. Na bi waɗanda suka yi ciwon ɗaya bayan ɗaya, wasu suka amsa mini, wasu suka ce a ce ba sa nan alhali ina jin tarinsu.

Abin da na fara lura da shi, mata ne masu rambaɗa kwalli, amma ciwon maza ya kama. Na faɗi haka a majalisa, aka ce ai na maza daban na ƙulla. Na sami Ilu mahauci, wanda rabonsa da kwalli tun yana goye, idonsa ya fi na kowa kumbura, har fatar goshinsa ta saɓule. Na tambaye shi ko ya hau motar, ya ce shi ya fi kowa daɗewa a kai. Haka na yi ta bi. Duk wanda ya kamu ya hau. Wanda ya tsaya a ƙasa, ko ya sa kwallina ko bai sa ba, ba abin da ya same shi.

Sai na isa wajen Malam Habu tela. Shi yana da tabarau, amma gilashin dama ya faɗi tun bara, da na hagu kaɗai yake ɗinki. Ya hau motar, ya leƙa ta raga kamar kowa. Da yamma ya sa kwallina a ido biyu, tandu ɗaya, tsinke ɗaya. Idon dama ya kwana yana zuba, na hagu ko ƙaiƙayi bai yi ba. Shi da bakinsa ya ce mini, "Ɗan Ladi, in dai kwallinka ne, to ya san dama da hagu." Ya maimaita a gaban mutane, aka ce ai abokina ne.

Na yi ta juya abin a raina. Ɗan gilashin nan da bai fi bakin ludayi ba, wanda ake ganin komai ta cikinsa, me ya tare? Sai na hau jaki na nufi Magaria.

Na huɗu, abin da ma'aikacinka ya nuna mini.

Kai ban same ka ba, amma na sami mai kula da akwatin, Mushe Sanusi, kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci. Ashe ranar da aka zo Guci an aike shi wani wuri, shofer kaɗai ya zo da masu shela. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba a taɓa yi mini a buron gwamnati ba, ko lokacin awon gyaɗa da aka yi ta cutar mu. Da na kai kan tabarau na Malam Habu sai ya dafe kai, ya sa a kira shofer.

Shofer bai yi musu ba. Ya ce murfin ɗakin fitilar na gilashi ne, ya fashe a hanya cikin ramuka. Shi a ganinsa aikin murfin shi ne hana mutane tsoma hannu, sai ya nemi ragar waya ya ɗaure, yana ganin ma ya kyauta. Wallahi da ni aka tambaya, ni ma haka zan ce. Wa zai ce gilashi ya fi ƙarfe tsaro?

Sai Mushe Sanusi ya yi mini bayani. Ya ce fitilar kallo wata fara ce da ke bisa kifin. Wannan shuɗiyar ba don kallo aka sa ta ba, aikinta kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa. Ya ce shuɗin da muke gani ɗan kaɗan ne daga abin da take fitarwa, mafi yawansa wani haske ne da ido ba ya gani. Ya faɗi sunansa da Faransanci, iltirabiyole, na sa shi ya yi ta maimaitawa har na riƙe. Ba shi da zafi, ba shi da hayaƙi, ba shi da wari. Yana ƙona fatar ido mutum na murmushi, sai can an daɗe sannan ya ji. Ya ce shi ne ciwon da ke kama masu haɗa ƙarfe da wuta a gareji in sun yi aiki ba su rufe ido ba.

Na ce masa, yaro, hasken da ba a gani ai duhu ke nan. Ya yi dariya ya ce in biyo shi.

Ya kai ni wani ɗaki ya rufe tagogi. Ya ba ni tabarau, ya sa nasa, ya ce kada in cire kuma kada in matsa kusa. Ya kunna fitilar. Ya ɗauko wani ɗan allo da aka shafa wa farar hoda, ya kusantar da shi. Ranka ya daɗe, allon nan ya kama da kore, kamar ɗanyen ganye da wuta a cikinsa, ba wanda ya taɓa shi. Ya ce wancan hasken ne ke faɗa masa. Ya gitta ragar waya a tsakani, allo na ci abinsa, sai dai zanen ragar da ya fito a jiki. Ya janye raga, ya gitta gilashin taga, irin wanda ke ko'ina. Nan take allon ya mutu. Fitilar kuwa ga ta ina kallon ta ta cikin gilashin, shuɗinta bai ragu ba. Ya janye, allo ya kama. Ya mayar, ya mutu. Na ce ya sake. Ya sake. Na yi ta sa shi har ya ce hannunsa ya gaji.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko wani guntun gilashi, irin wanda aka yi wa fitilar riga da shi don ruwa kada ya taɓa ta. Ya gitta shi, allon bai mutu ba. Da aka kashe fitila na karɓi gilasan biyu na riƙe. Na juya su, na ɗaga su a taga, na ƙwanƙwasa, har lasa na yi. Ban ga bambanci ba. Ɗaya na tarewa, ɗaya na ba da hanya. Ya ce mai ba da hanya da wani dutse tsantsa ake narka shi, na taga kuwa rairayi ne da kanwa da farar ƙasa. Rairayi da kanwa, abin da muke takawa a Guci.

Ni mutum ne da ya tsufa yana tacewa. Na san yadda ƙyalle ke barin laushi ya wuce ya riƙe tsaki. Amma ƙyallena yana da ƙofofi, in ka ɗaga shi a rana za ka gan su. Gilashi ba shi da ƙofa. Ruwa ba ya ratsa shi, iska ba ta ratsa shi, haske na ratsawa, kuma a cikin hasken nan ma sai ya zaɓa, ya bar na gani ya wuce ya riƙe na ƙuna. Wa ya sanar da shi wanne ne wanne? Na zauna a ƙasa a ɗakin nan, kujerar ma na manta da ita.

Da ya ga haka sai ya ƙara mini ɗaya. Ya ce rana ma tana fitar da irin wannan hasken, fiye da fitilar nan nesa ba kusa ba, amma can sama akwai wata irin iska da ke tare mafi muninsa kafin ya iso mu. Wato tun da aka haife ni ina yawo ƙarƙashin murfi ban sani ba. Ni, da ubana, da shanun da suka mutu da waɗanda suka rage. Na taso daga Magaria da rana tsaka ina ta ɗaga kai, ban ga komai ba sai sama fayau, kuma na san yana nan. Har na iso gida ban yi wa jakin nan tsawa ba.

Na biyar, inda ƙarata take.

Na roƙi Mushe Sanusi ya zo Guci ya faɗa wa mutane abin da ya faɗa mini. Ya ce ba shi da iko, maganar aiki ce, sai da izininka. Daga baya na ji an sa sabon murfin gilashi, an kai akwatin Sassumbrum, jama'a sun hau sun leƙa, ba wanda idonsa ya yi ja. Ke nan an sani. An gyara akwati shiru, an bar ni da suna.

Ranka ya daɗe, tun farko kifin nan kun raba su da fitilar da gilashi, don kun san abin da za ta yi musu. Kifi kun tuna da su. Shofer da aka danƙa wa kayan kuwa ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa ga dalilin murfin nan. Ban zarge shi ba, wanda ya aike shi nake tambaya. Kuma kada wannan takarda ta jawo wa Mushe Sanusi ko shofer wata wahala, in aka taɓa su sai na sake rubutowa.

Akwai kuma abin da ya fi nawa. Mutanen Guci har yau ba su san abin da ya ƙona su ba. In gobe aka kawo irin fitilar nan ba murfi, haka za su sake kifa fuska a kai, sai dai su kiyayi kwalli. Na faɗa wa wani cewa tana kashe ƙwayoyin cuta, sai ya ce da ya sani da ya kara mata makeron da ke kan ɗansa. Ka ga inda rabin magana ke kai mutum.

Ga roƙona. Ba kuɗi nake nema ba, ko dala.

A sa mai shela ya zaga kasuwar Guci da ta Dungas, ya faɗa da bakin aikinku cewa ciwon idon Sallah daga fitila ne, murfinta ne ya fashe, ba kwallin Ɗan Ladi ba ne. Ya ambaci sunana sarai, kada ya ce wani mai kwalli.

Duk inda za a kai fitilar nan, a tabbata da murfin gilashi, a aza na biyu a mota, kuma a gaya wa mai ɗaukar ta dalili.

Na ƙarshe, a dawo da akwatin Guci, da Mushe Sanusi, da ɗan allon nan mai kamawa da kore. A sami zaure mai duhu, a ba dattawa tabarau su shiga kaɗan kaɗan, ya nuna musu abin da ya nuna mini. Ni na faɗa sun ce tsufa ne. A ranar zan rambaɗa kwallina a ido biyu gaban kowa, a kama ni a ɗora kan motar, in kifa fuskata a kan sabon murfin tun hantsi har a kira azahar. Washegari zan zauna a ƙofar masallaci da ido buɗe, duk mai shakka ya zo ya gwale ya duba.

Malamin da ke rubutu ya tambaye ni ko ba na tsoro. Na ce na ga allon ya mutu a bayan gilashi da idona, me ya rage? Kuma tun da na ce ba zan ɓoye maka komai ba, ko da sunana ya wanku tun yau, zan roƙi a dawo da akwatin. Ina so in sake tsayawa gaban fitilar nan kafin a rufe mini ido.

Allah Ya ja zamaninka, Ya albarkaci kifin da kuke zubawa a tabkunanmu su hayayyafa. Allah Ya tsare idonka da na 'ya'yanka daga abin da ake gani da wanda ba a gani. Allah Ya sa ka dawo daga Damagaram lafiya, ka tarar da takardar nan.

Wassalam.

Naka mai jiran shela,
Ɗan Ladi Mai Kwalli, Guci.
Ga babban yatsana a ƙasa.